Sawun da Ke Kumbura

Kafin rana ta ɗaga, duk unguwa ta ji cewa an ɓalle ɗakin batir na ƙaramin asibitinmu, an sace batirin sola, kuma jaririn Magini ya rasu. Yaron yana kwance ne da ciwon ƙirji, na'urar da ke ba shi iska ce ke riƙe da shi. Da aka cire batirin wuta ta ɗauke, na'urar ta tsaya. Nas ɗin da ke aikin kwana ta zaci matsalar waya ce irin wadda aka saba, ta yi ta matsa masa iska da hannu har yatsunta suka ƙage. Sai da gari ya waye, bayan an rufe yaron da zani, ta zagaya baya ta ga kwaɗo a ƙasa, ƙofa a buɗe.

Ina cikin matan da suka tsaya a bakin katanga. Ba wanda ke kuka da ƙarfi. Kowa na kallon na kusa da shi ta gefen ido, a gaisa a taƙaice, a koma kallon ƙofar. Magini yana tsugune a gindin famfo, busasshen simintin aikin jiya har yanzu a ƙafarsa.

Mai unguwa ya aika aka kira Mai Sawu. Tsoho ne siriri, yana yawo da sanda amma ba ya dogara ta, nuni kawai yake da ita. Tun kafin a haife ni yake bin sawun dabbobin da aka sace. Matan unguwa kan ce duk mijin da ya yi ƙaryar daga wurin aiki yake, kada ya kuskura ya bi ta ƙofar gidan tsohon nan. Da ya iso ya dubi ƙasa, ya dubi taron, ya ce wa Mai unguwa ko ɓarawon ne ya ɗauko mutanen nan haya su tattake masa sawu, ba za su yi aikin da ya fi wannan ba.

Ya bar asibitin ya yi zagaye mai faɗi ta baya, mutane na biye da shi duk da ya ce a tsaya. A cikin busasshen rafin da ke bayan katanga ya tsinci sawun. Ko ni na gani: takalmi a dama, a hagu kuma dogon ja a cikin yashi, kamar an ja itace. Samari suka yi gaba suna nuna wa juna, tsohon ya koma shi ke bin su. Sawun ya haura ya shiga layinmu, inda aka zuba siminti, ya ɓace.

Mai unguwa ya tambaye shi me ya gani. Ya ce namiji ne, yana jan ƙafar hagu, kuma nan ya shiga. Ya ƙara da cewa bai gama ba. Ina jin ni kaɗai na ji wannan ta ƙarshen, don kafin ya rufe baki duk an juya ana kallon shagon yayana.

Yaya shan inna ya kama shi yana yaro, ƙafarsa ta hagu ta tsotse. Cajin waya yake yi wa mutane a ɗan shagonsa, kuma babu wanda bai ji shi yana ƙorafin batirinsa ya mutu ba. Suka fito da shi ta wuyan riga. Yana ta cewa su bar shi ya sa takalmi, ba wanda ya saurara. Ni ina tsaye da hannu a baki. Ina so in ce mutumin da ba ya iya ɗaga bokitin ruwa ta yaya zai ɗauki batir, maganar ta ƙi fita. Wata maƙwabciya ta faɗa a madadina, aka ce mata ai yana da abokai.

Kawu Tela ne ya hana a kashe shi a wurin. Ƙanin Umma ne, shagon ɗinkinsa na bakin layi. Daga inda yake zaune a bayan kekensa, da yadi shimfiɗe a cinya, ya ɗaga murya ya ce ɗan 'yar'uwarsa ne amma ba zai ɓoye shi ba: a kulle shi a ɗakin ajiyar yadi da ke jikin shagon har 'yan sanda su zo. Aka yaba masa. Aka tura Yaya ciki, Kawu ya miƙa hannu aka ba shi makulli. An kira 'yan sanda, suka ce motarsu ta tafi wani aiki, sai gobe.

Sai a lokacin Magini ya yi magana. Ya ce zai je ya binne ɗansa, zai dawo. In rana ta faɗi ba a nuna masa wani ɓarawon daban ba, shi ba ya buƙatar ɗan sanda.

*

Umma ta zube a dokin ƙofar shagon Kawu tana kuka, yana ba ta baki daga ciki. Ni na kasa zama. Na hango Mai Sawu ya juya ya nufi asibiti shi kaɗai, sai na bi shi daga nesa. Bai waiwayo ba, amma a bakin ƙofa ya ce in dai zan bi shi, in riƙa taka inda ya taka.

Sista ce babba a asibitin. Gajera ce, tabarau a tsakiyar hanci. Kana gaishe ta tana kallon farcenka da farin idonka, kafin ku gama gaisuwa ta ce maka ba ka shan ruwa. Ranar nan idonta ya yi ja, amma muryarta na nan yadda take. Mai Sawu ya ce yana son ganin Maigadi, ta ce ita ma.

Maigadi ya zo yana dafa bango. Ya rantse bai runtsa ba, bai bar bakin ƙofa ba, bai ji ko motsin ɓera ba. Mai Sawu ya tambaye shi to wa ya yi ta zarya tsakanin bencinsa da banɗakin da ke can ƙarshen fili har ya fitar da hanya a ƙasa. Maigadi ya fara kame-kame. Sista ta ce ya fito da harshe. Ta ja fatar bayan hannunsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an ɗinke ta. Ta ɗora yatsu a jijiyar hannunsa, ta dubi yadda idonsa ya faɗa, ta tambaye shi sau nawa ya zaga, da ko akwai jini. Ya amsa kansa a ƙasa, don ina wurin. Gudawa ce ta kwana tana wahalar da shi, ya ɓoye don kada a ce ya bar aiki.

"Wannan ko buta aka ba shi sai ya huta a hanya," in ji Sista. Ta sa aka haɗa masa ruwan gishiri da sukari.

Na biyu da aka kira Mai Lantarki ne, wanda ya haɗa wa asibitin wutar tun farko, kuma kowa ya san sun yi faɗa da kwamiti. Ya shigo da masifa, ido jawur, yana cewa duk abin da ya ɓace a garin nan sai a ce shi. A raina na ce ga shi nan, har na ji sanyi. Mai Sawu ya watsa ruwa a ƙasa ya ce ya taka ya wuce. Ya taka, sawu biyu daidai wa daida. Sista ta buɗe idonsa ta haska, ta ce tartsatsin walda ne, ta tambaye shi sau nawa za ta ce masa ya riƙa sa tabarau. Kafin ya tafi ya leƙa ɗakin batir ya yi tsaki. Ya ce wanda ya yi wannan bai san kan waya ba, fizga kawai ya yi. Gurgun da aka kulle ko a mafarki ba zai cire batir haka ba, don shi ya koya masa.

Na ji daɗin maganar, amma na san ba za ta tsayar da Magini ba. Da na leƙa layinmu na ga mutane sun shiga shagon Yaya kowa na zare wayarsa daga caji, ba mai kallon wani. Can gefe wasu samari sun gangaro da tsohuwar taya sun jingine ta a bango, sun zauna kusa da ita suna hira kamar ba komai.

*

Da azahar aka wuce da yaron maƙabarta. Muna cikin rafin muka hango su a kan hanya, maza da yawa, ɗan abin a hannun mutum ɗaya. Mai Sawu ya tsaya har suka ɓace, sannan ya durƙusa.

Ya ce da safe gaba ya bi don samari sun ja shi, yanzu baya zai bi. A busasshen yashi ba a ganin komai sai jan ƙafa. Amma can gefe, ƙarƙashin wata bishiya, akwai inda ruwan wankin gidaje ke gangarowa ya yi laka. Nan ya daɗe. Ya nuna mini da sanda inda mutum ya zauna har ƙasa ta lotsa, da inda ya tashi ya taka. Ƙafar hagu babu takalmi. Tafin ya fito sosai, faffaɗa, yatsu a wawware, babu ramin nan na tsakiyar tafi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ƙafar Yaya kamar ta yaro take. A karkace take, da gefe yake takawa. Kuma ba ya tafiya sai da takalminsa mai tudu."

Ya dube ni kamar yanzu ya fara ganina. Ya ce ya sani, ya sha ganin sawun yaron nan a bakin famfo. Amma ya ce mutanen da suka tanadi taya ba za su saki wanda ke hannu ba don an ce musu ba shi ba ne, sai an ce musu ga shi.

Ya karyi tsinke daidai faɗin tafin, muka ci gaba da komawa baya. Kusa da kwalbati akwai wata lakar, da wani sawun na ƙafar hagu, shi ma ba takalmi. Ya ɗora tsinken. Tsinken ya wuce sawun ta kowane gefe. Ya sunkuya sosai ya duba diddige, ya nuna mini fason da ya fito a nan, irin wanda muka gani a ƙarƙashin bishiya sak.

"Ƙafa ɗaya ce," ya ce a hankali, "amma tana girma."

A bakin kwalbatin akwai tarin fasassun bulo da busasshiyar ciyawa. Ya ce kada in matsa kusa. Ta gefen da ke kallon asibiti ya samu abin da yake nema: sawu biyu masu takalmi, sun nutse saboda nauyi, suna tafiya daidai, babu ja ko kaɗan. Sai tsalle. Sai rami mai kusurwa inda abu mai nauyi ya faɗi. Ya zura sanda cikin kwalbatin ya yaye ciyawa, ga batirin nan. A kan wani bulo akwai rabin reza da baƙin jini. Da muka juyo, yanzu da na san abin da zan duba, na riƙa ganin ɗige-ɗige a kan duwatsu tun daga nan har bishiyar, ƙanana, ba su yanke ba.

*

Sista ba ta bar shi ya ba da labarin yadda ya so ba. Ta zaunar da shi a bencin marasa lafiya, ta riƙa tambaya kamar shi ne ya kawo ciwon. A ina abin ya fara? Farat ɗaya ko a hankali? Mutumin ya iya taka ƙafar bayan nan? Jinin tsartuwa ya yi ko ɗiga, kuma ya tsaya a wani wuri? Akwai amai? Ya yi tangaɗi kamar mai jiri?

Ya ce da farko ya zaci batirin ne ya faɗo masa a ƙafa, amma wanda ƙashinsa ya karye ba ya neman reza. Maciji ne, mutumin ya tsaga wurin don ya fitar da dafi. Amai babu, tangaɗi babu, tafiyarsa a miƙe take, jini kuma bai tsaya ba.

Sista ta cire tabarau ta goge. Ta ce da irin macijin nan ne mai kashe jiki, da tuni idon mutumin ya rufe, numfashi ya gagare shi, da a rafin za a tsince shi. Mai sa kumburi haka da jinin da ba ya tsayawa, a cikin tarin bulo, kububuwa ce. Muguntarta ita ce mutum yana zaune, yana magana, yana ganin ya tsira, alhali jininsa ya daina daskarewa. Sai ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari, ta tsohon yanka. Daga nan ya zuba a ciki ko a ka, inda ba mai gani.

"Ku ɓarawo kuke nema," ta ce. "Ni marar lafiya nake da shi a layin can, kuma ya ɓoye mini."

Mai Sawu ya ce matsalar ita ce yau bai ga namiji ko ɗaya yana ɗingishi a layin ba, ban da wanda aka kulle. Sista ta ce to a nemi wanda ba a ga ya tashi tsaye ba.

Nan na tuna da wani abu. Gidanmu bango ɗaya ne da shagon Kawu. Tun ina ƙarama ƙarar kekensa ke tashina daga barci, keken ƙafa ne, ba ya hutawa sai ya tashi cin abinci. Yau ban ji shi ba. Kuma da aka tura ɗan 'yar'uwarsa ɗaki bai miƙe ba, hannu ya miƙa aka ba shi makulli. Rabin reza kuwa ba ya rabuwa da aljihunsa, da ita yake farke ɗinki.

Sista tana kallona. Ta ce fuskata ta sauya, ta kama hannuna ta ɗora yatsu, ta ce zuciyata na gudu. Ta tambaye ni me na tuna. Kawu shi ya riƙe mu bayan rasuwar Abba. Shi ya ɗinka mini kayan makaranta tun daga aji ɗaya, shi ke yi wa Yaya wando mai ƙafa ɗaya siririya don kada ya riƙa lilo. Na ce, "Keken Kawu bai yi ƙara ba yau." Iyakar abin da na iya ke nan.

Sista ta fara zuba kaya a jaka.

*

Bayan la'asar maza sun dawo sun cika gaban shagon. Magini na zaune a kan bulo daidai ƙofar ɗakin ajiya, da rodi kwance a cinyarsa. Inuwar katanga ta tsallake titi. Umma na dokin ƙofa inda na bar ta, Kawu na inda yake tun safe, yadin nan a cinya, yana sa maɓalli da allurar hannu.

Aka turo batirin a baro aka ajiye a tsakiya. Aka yi guna-guni. Magini ya ce to, an ga inda gurgun ya ɓoye shi, sai me. Mai Sawu ya ɗaga tsinkensa ya faɗi abin da ya gani a taƙaice. Wani daga baya ya ce tsufa ya fara taɓa Baba, da safe ja, da yamma kumburi.

Sista ta ce wa Mai unguwa duk namijin da ke kwana a layin nan ya zauna a benci. Ta faɗa musu a fili cewa wanda ya ɗauki batirin maciji ya sare shi, kuma in ba a yi masa magani yau ba, ba ta ce zai ga jibi ba. Ta ce ita ba 'yar sanda ba ce, in ya ɗaga hannu yanzu ta fi so. Ba wanda ya motsa.

Ta fara daga gefe: Direba, Malamin makaranta, Mai Wanki da ƙaninsa, haka dai. Kowanne ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, ta ce ya ɗaga leɓe, ta riƙe hannunsa tana kallon agogo, ta ce ya naɗe wando. Direba ya ce rabon da mace ta riƙe masa hannu haka tun kafin matarsa ta gane halinsa. 'Yan kaɗan suka yi dariya, ta mutu nan da nan. Dasashin Mai Wanki ya nuna ja, samari suka miƙe. Sista ta danna ta duba, ta ce ruɓaɓɓen haƙori ne, ta sha gaya masa ya zo a cire. Ƙafafunsa lafiya lau.

Benci ya ƙare. Ta juya, ta tsallake Umma ta shiga shagon.

"Sista, har da ni?" Kawu ya ce, yana murmushi baki a tsuke. "Ni fa kawun yaron ne. Ni na riƙe muku shi."

"A layin nan kake kwana, Tela. Kawo hannu."

Ya ce bari ya gama maɓallin nan. Ta jira. Allurar ta ƙi shiga rami. Da ta kama hannun ta daɗe ba ta saki ba. Daga inda nake ina ganin gumi ƙanana a goshinsa, alhali shagon da inuwa. Ta ja fatar idonsa, ciki fari fat. A haɓarsa akwai ɗan yankan aski da ya liƙa wa auduga, audugar ta jiƙe. Ta tambaye shi yaushe ya yi aski, ya ce shekaranjiya. Ta tambayi launin fitsarinsa, ya ce wace irin tambaya ce wannan a gaban yayarsa.

"Ɗaga leɓe."

Ya buɗe baki zai yi musu, ba sai da ya ɗaga ba. Haƙoransa duk ja, jini na bin tsakaninsu. Ya kai hannu bayan tebur ya ɗauko ƙyalle ya goge, kwandon ƙyallayen ya kife, rabinsu ja.

Umma ce ta tashi ta janye yadin. Ina jin so take ta nuna musu ƙarya ne. Ya farke ƙafar wandon har cinya. Ƙafar ta yi kamar turmi, fata na sheƙi, da ƙuraje masu baƙin ruwa, ya ɗaure ƙasan gwiwa da tsumma, ya tsoma tafin a cikin roba don kada jini ya bi ƙasa. Umma ta tsaya da yadin a hannu, ta dubi ƙafar, ta dubi ƙofar ɗakin ajiya.

Kawu ya ce, ba da ƙarfi ba, bai san akwai yaro a kan na'ura ba. Ya zaci fanka da fitila ne kawai. Sabon keken surfani ya kawo, kuma ba wuta.

Magini ya miƙe da rodin. Mutane suka dare. Sista ba ta juyo ba. Ta zana layi da biro a cinyar Kawu daidai inda kumburin ya tsaya, ta ja jininsa ta zuba a ƙaramar kwalba ta ajiye a kan keken. Ta ce, "Magini, ni na cire wa ɗanka robar hanci da safe, ba zan ce maka ka yi haƙuri ba. Amma wannan yanzu nawa ne. Tsaya ka kalli kwalbar nan."

Ban san me ya sa ya tsaya ba, ya tsaya dai. Duk muka zuba wa kwalbar ido. Sista ta ɗaura wa Kawu ruwa, ta hana kowa taɓa tsumman sai magani ya shiga. Maganin dafin da asibitin ke da shi a firij yake, firij ɗin kuma ya wuni a kashe. Ta ce za ta ba shi a haka, amma ba zai isa ba, sai babban asibiti. Da lokacin da take jira ya cika, ta ɗaga kwalbar. Ta ce na lafiyayye da yanzu ya zama guda. Ta karkata ta, jinin ya gangara kamar ruwa. A cinyarsa kuma kumburin ya riga ya tsallake layin biron.

Magini ya tambaye ta zai rayu. Ta ce ba ta sani ba. Ya koma ya zauna a kan bulonsa.

Aka kinkimi Kawu zuwa motar Direba, Sista na riƙe da robar ruwa sama. Umma ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, ba ta waiwayo ba. Sai da motar ta sha kwana Mai unguwa ya tuna makullin na aljihun Kawu.

*

Magini ne ya sa rodin ya ɓalle kwaɗon, ya tafi bai leƙa ciki ba. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna abin da ya bari a gida.

Yaya na zaune a kan bandir ɗin yadi, leɓensa a fashe, kwanon abincin da Umma ta miƙa masa da rana a gefe, bai taɓa ba. Na ɗauko masa takalminsa daga shago. Ya ce ya ji komai ta bango. Ya sa takalmin a hankali, ya ɗaure, bai tashi ba. Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce bakinsa ne ya riga idonsa. Yaya ya ce ba komai, Baba.

Da tsohon ya tafi Yaya ya tambaye ni ina Umma. Na ce ta bi motar. Ya gyaɗa kai. Ya ce da ta miƙo abincin ta taga, ta kawo masa saƙon Kawu: wai gara ya amsa laifin, ya ce bai san da yaron ba, tunda gurgu ne za a tausaya masa, shi kuma Kawu zai tsaya masa. Ya ce ya wuni yana juya maganar, har ya yanke in Magini ya buga ƙofa zai amsa.

Na ce ai saƙo aka ba ta.

"Ba saƙon ba ne," ya ce. "Da ta gama, sai ta ce in faɗa mata, ita kaɗai, inda na ɓoye batirin."

Na tsuguna na sake ɗaure masa igiyar takalmin, duk da a ɗaure take.